Zuwa Ga Bazazzagi, Uban Janar Tun Kafin a Zauna Jarrabawa

Malam Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran bayinmu na Tudun Wada da Ƙofar Doka. Ina kuma fata damina ta yi muku kyau, don mu zo mu sayi masara a hannunku da araha, mu ajiye, mu sayar muku da abinku da tsada in bazara ta yi.

Labari ya iso Kano, kuma ba a ɓoye ya zo ba, cewa tun ranar da ɗanmu ya cike takardar neman shiga makarantar hafsoshin soja ta NDA tafiyarka ta canza. An ce yanzu in ka fito daga masallaci ƙirji ne a gaba, ƙafa tana dukan ƙasa, gaisuwa kuwa da gira kake amsa ta. An ce ka hana yaran unguwa su kira ka Baba Malam, sai dai Baban Gwamna. Har mai shayin bakin layinku ka yi wa alkawarin kwangilar ciyar da bataliya guda, bisa sharaɗin ya manta da bashin da yake bin ka. Yaro bai zauna jarrabawa ba, ba a auna tsawonsa ba, likita bai duba shi ba, kai har ka zaɓi unguwar da za a gina maka bene a Kaduna. Riga malam masallaci ke nan.

To zauna in karantar da kai, tunda hakkin ubangida ne ya wayar da kan na ƙasa da shi. Abin mamaki ma shi ne a ce sai Bakano ya yi wa Bazazzagi bayanin soja. A garinku ake horar da kurata tun 1924. A garinku makarantar sakandaren soja take tun 1954. Barikin Cindit da na Basawa duk a bayan gidajenku suke, Jaji kuwa tana kan hanyarku ta zuwa Kaduna. Shekara ɗari kuna jin begila da asuba, amma abin da kuka ƙaru da shi kawai shi ne sanin lokacin tashi daga barci. Kuna kiran garinku birnin ilimi, alhali duk wanda ya sa kaki a wurinku abu biyu ne: ko ɗan da boko ya gagara, ko gwamnan gobe.

Mu fara da gwamnan, don a nan ciwonka yake. Malam, ka makara. Wannan kasuwar ta tashi tun ranar 29 ga Mayu, 1999. Obasanjo yana hawa mulki, bai yi wata guda ba ya sallami hafsoshin da suka ɗanɗana kujerun siyasa, don kada mai ɗanɗano ya nemi ƙari. Tun daga ranar babu sojan da ya shiga gidan gwamnatin Kaduna ko na Kano da kakinsa a matsayin mai gida. Idan kuma tunaninka shi ne yaro ya girma ya tashe mu da asuba a rediyo da kiɗan fareti, to ka tuna yadda ta ƙare da waɗanda suka gwada ba su dace ba. Dimka da mutanensa an harbe su a 1976. Mamman Vatsa, da janar ɗinsa da rubuce-rubucensa, an harbe shi a 1986 bisa zargin shirya juyin mulki. Orkar da nasa mutanen a 1990. Uban da yake son ɗansa ba ya yi masa wannan mafarkin. Kuma in don aiki ne, gwamnan zamanin soja da Kanawa suka fi tunawa da alheri, Audu Bako, wanda ya bar mana Tiga da Bagauda, ɗan sanda ne. Shi ya sa da muka tashi karɓar makaranta muka karɓi ta hafsoshin 'yan sanda a Wudil, muka bar muku masu tsallen kwaɗo.

Yanzu ga abin da ɗanka yake nema. NDA jami'a ce, sai dai jami'ar da ɗalibi ba ya cewa yau ba na jin shiga aji. An kafa ta a Kaduna a watan Fabrairun 1964, a gurbin kwalejin horar da soja da ke wurin tun da farko. Indiyawa ne suka ɗora ta a kan ƙafafunta, kwamandanta na farko ma Ba'indiye ne, Birgediya Varma, kafin David Ejoor ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. A da takardar shaida kawai take bayarwa, sai a 1985 ta koma bayar da digiri. Tsohon mazauninta shi ne barikin Ribadu a cikin gari, sabon kuma yana Afaka, wajen filin jirgin sama. Mai son shiga sai ya bi ta JAMB kamar kowane ɗalibi, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan ya zauna jarrabawar makarantar ita kanta, sannan ya tsaya gaban kwamitin tantancewa, inda za a sa shi gudu, a duba jininsa da idonsa da ƙirjinsa da ƙafarsa, a yi masa tambayoyi. Ana son matashi ɗan shekara 17 zuwa 21, marar aure. Saboda haka maganar da na ji kana yi ta a ɗaura masa aure da 'yar ƙanwarka kafin ya tafi, wai don kada 'yan matan Kaduna su sace shi, ka binne ta. Akwai kuma awon tsawo, mita 1.68 ga namiji. A nan ne hankalina bai kwanta ba, don na san danginku. Idan kai ya gado, sai dai a roƙi alfarma a auna shi da hularsa. Addu'armu ita ce ya ɗebo dangin uwa.

Gurabe kuma jiha-jiha ake raba su, kowace jiha da ɗan abin da za ta samu, masu nema kuwa dubbai ne. A wannan ƙuncin ne 'yan damfara suke kiwo. Za ka ga wani ya zo maka da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce shi aminin direban wani Kanar ne, a kawo kaza a saka sunan yaro. Na san ka, Bazazzagi. Bashin shayi ba ka biya, amma in aka ce maka ga hanyar bayan gida, gonar gado za ka sayar. Kada ka ba kowa ko sisi. Kuɗin ka saya wa yaro littafin lissafi da takalmin gudu, ka tashe shi da asuba ya zaga filin ƙwallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan Allah ya sa ya shiga, shekara biyar ce a gabansa. Huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ta biyar kuma ta zallar aikin soja. Za a aske masa wannan sumar da yake tarawa, a jefa shi ɗaya daga bataliyoyin ɗalibai, Burma ko Mogadishu ko Dalet ko Abisiniya, sunayen da ke tuna wuraren da kakanninmu suka yi yaƙi a ƙarƙashin Turawa. Gwamnati ce za ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta koyar da shi, har ta ba shi ɗan alawus, wanda na tabbata kai ne za ka fara yi masa lissafinsa. Da asuba gudu, da hantsi aji, da yamma fareti ko wasanni, da dare bita, in manyansa sun bar shi ya zauna. A aji akwai injiniyanci na gini da na lantarki da na inji, akwai kimiyya, akwai ilimin kwamfuta da tsaron intanet, akwai tarihi da nazarin yaƙe-yaƙe, akwai kimiyyar siyasa da nazarin tsaro, akwai harsuna, akwai lissafin kuɗi da sarrafa kayan aiki. A daji kuma akwai karatun taswira, da tafiyar dare, da harbi, da yadda ake jan mutum talatin a kai su wuri a dawo da su. Wanda ya faɗi jarrabawa ana mayar da shi baya, in ya sake faɗuwa a nuna masa ƙofa, ko da ya fi kowa iya buga ƙafa. Wannan ita ce makarantar da kake zaton mafakar wanda boko ya kora ce.

Na san abin da za ka ce, don bakinku ba ya mutuwa. Za ka ce yaƙi ai zuciya ce, kakanninmu da suka yi shi wace jami'a suka je? To bari in ja ka baya, ko da yake tarihin ba zai yi maka daɗi ba.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410. Da ya ga yana asarar mayaƙa, bai ce a ƙara zuciya ba. Zama ya yi ya duba inda kibiya take shiga, ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ka ga nazarin yaƙi tun kafin a haifi kakan kakan Varma. Ya tasar wa Zazzau, ya sauka a Turunku, kuka kore shi. Wannan na yarda, kuma ka rubuta ranar da Bakano ya yarda da wani abu. Ya koma gida ya sake shiri (irin shirin da ya yi sirrin gida ne, ba a faɗa wa bara), ya dawo ya sauka a Gadas, aka kara, Sarkin Zazzau ya faɗi, Kanawa suka zauna kusa da Shika har wata takwas suna hutawa. Tun daga lokacin nake bin ka gaisuwa. Za ka ce Sarauniya Amina fa? Ai ban manta da ita ba. Littafin namu ma ya shaide ta, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, har Sarkin Nupe ya aiko mata da goro dubu goma. Amma me ake tunawa da ita a yau? Ganuwa. Duk inda ta sauka sai an kewaye sansani. Wato ta san cewa rundunar da ba ta da wurin kwana mai tsaro, da abinci, da ruwa, ta gama faɗuwa tun ba a ja daga ba. Aikin da injiniyoyin soja suke koyo a Makurɗi ke nan a yau.

Sai kuma 1903, shekarar da ba na yafe muku. A ƙarshen Janairu Kanar Morland ya taso da runduna zuwa Kano. Daga ina ya taso? Daga Zariya, inda kuka riga kuka yi musu shimfiɗa tun shekarar da ta gabata, lokacin da Sarki Kwasau ya nemi taimakonsu a kan Nagwamatse na Kwantagora. Sojojin nan ba su kai dubu ɗaya ba, kuma yawancinsu baƙaƙen fata ne, da Hausawa a ciki. Suka fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Ganuwar da Turawan da kansu suka yi mamakin kaurinta ba ta hana ba. Bayan 'yan makonni Waziri Ahmadu da barade suka gamu da su a wajen Kwatarkwashi, suka yi sukuwa a kan bakin bindiga, Waziri ya kwanta dama a wurin. A watan Maris Sakkwato ta faɗi, a watan Yuli aka yi Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wa zai ce waɗannan bayin Allah ba su da zuciya? Zuciyar ma ta fi ta waɗanda suka ci su. Abin da ɗaya ɓangaren yake da shi, ban da igwa da bindiga mai ruwa, shi ne tsari: sojan da aka koya wa tsayawa a sahu mai kusurwa huɗu ya yi harbi lokaci guda bisa umarni, 'yan dako da aka ƙidaya kayansu tun daga gida, 'yan leƙen asiri da suka riga suka auna hanya da rijiyoyinta. An fi mu ilimin yaƙin wannan zamani, shi ke nan. Wanda ya san wannan tarihin ba zai raina hafsan da ke riƙe da littafi ba.

A nan zan ɗan ajiye wasa, don abin da ke tafe ba na dariya ba ne. A watan Disambar 2023, a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu taron Mauludi, mutane da yawa suka rasu, rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa kuskurenta ne. Na'urar ta yi abin da aka umarce ta. Kuskuren yana wurin mutum: wanda ya tattara bayani, wanda ya fassara hoton, wanda ya ba da izini. A watan Agustan 2021 kuma 'yan bindiga suka shiga Afaka, cikin NDA ɗin kanta, suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. Ƙasar da irin wannan yake faruwa a cikinta ba masu faɗin ƙirji ta rasa ba. Tana neman hafsan da ya san dokokin yaƙi, ya san bambancin taron biki da taron ɓarayin daji, ya san harshen mutanen da aka tura shi ya tsare da al'adunsu, ya iya lissafin man da motocinsa za su sha daga Maiduguri zuwa Baga da dawowa. In ɗanmu zai zama irin wannan, to ya tafi da albarkarmu. In kuwa don ya riƙa marin direbobin tasha ne, ya zauna a gida, muna da isassu.

Mu koma kan abin da ya fi damun ka, wato me za a samu. Ran da ya fita, anini ɗaya za a maƙala masa a kafaɗa, ƙaramin laftana, albashinsa kuma ba zai gina bene ba, kada ka sa rai. Amma hanyoyi a buɗe suke. A sojan ƙasa akwai dakarun ƙafa da makarantarsu a Jaji, akwai masu igwa a Kachiya, masu tankokin yaƙi a Bauci, injiniyoyi, 'yan sigina masu harkar sadarwa, masu leƙen asiri, masu kula da kuɗi, masu sufuri da abinci, 'yan sandan soja. Murtala namu ɗan sigina ne, Obasanjo injiniya. A sojan ruwa akwai tuƙin jirgi da gyaransa, ko da yake ban san yadda wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kubanni ba zai yi da teku. A sojan sama akwai tuƙi, akwai gyaran jirgi, akwai kula da zirga-zirgarsa. Jiragen Super Tucano goma sha biyu da aka sayo daga Amurka suka iso a 2021, ba da zuciya ake tayar da su ba, da lissafi ne. Har jirage marasa matuƙi sojan samanmu sun ƙera: an ƙaddamar da ɗaya a 2013, wani a 2018, duka a Kaduna. Na farko sunansa Gulma, na biyu Tsaigumi. Da na ji sunayen ban tambayi a ƙasar wa aka ƙera su ba. Kowa da abin da Allah ya hore masa.

In yaron yana jin shawara, ya riƙe Faransanci da kyau. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk maƙwabtanmu da shi suke aiki, hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi ma a Njamena take. Hafsan da ya iya shi ba ya rasa inda za a tura shi, ko ofishin jakadanci ko aikin kiyaye zaman lafiya. Sojanmu sun daɗe a wannan fagen: Kwango tun 1960, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa, sai Laberiya a 1990, sai Saliyo, sai Darfur, inda Janar Martin Luther Agwai, ɗan jiharku, ya jagoranci rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka.

Idan kuma NDA ba ta samu ba, kada ka ɗaura zani ka shiga makoki. Yaro yana iya yin digirinsa a jami'ar da ke Samaru, daga baya ya nemi shiga ta gajeren horo na 'yan watanni, wanda ake ɗaukar likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, har da limamai. Likitocin asibitin soja na 44 a Kaduna da kake zuwa neman magani da yawansu ta nan suka bi. Akwai jami'ar sojan ƙasa a Biu, da aka kafa a 2018, akwai cibiyar fasaha ta sojan sama a Kaduna, duka suna ɗaukar farar hula. NDA ɗin ma tana da sashen karatun gaba da digiri wanda farar hula suke shiga su karanci tsaro da dabarun mulki. Kai kanka kana iya nema, in ka yarda za ka zauna a aji ba tare da ka gyara wa malami Turanci ba.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne, karatun soja ba ya ƙarewa ranar faretin yaye ɗalibai. Daga laftana zuwa kyaftin jarrabawa ce. Daga kyaftin zuwa manjo jarrabawa ce. Sai kwalejin hafsoshi ta Jaji, da aka buɗe a 1976, a je ƙaramin kwas, a dawo a je babba. Wanda ya kai kanar yana hangen janar sai ya bi ta Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, wadda aka kafa a 1992, ko cibiyar Kuru, ko makamancinsu a waje. Kuma tsarin irin dalar gyaɗarmu ta da ne, wadda kuke zuwa kallo da baki buɗe: buhu rututu a gindi, ana hawa ana raguwa, a ƙoli buhu ɗaya tak. Hafsan hafsoshin sojan ƙasa mutum ɗaya ne. Ran da aka naɗa shi ma, waɗanda suka riga shi shiga aiki sai su tattara nasu ya nasu. Wani tun yana manjo ko laftanar kanar za a ce ya isa haka. Wanda ya yi tsawon rai a aikin, shekara 35 ce iyaka. Ka lissafa: wanda ya shiga yana ɗan 18, zai fito da sauran ƙarfinsa, ga 'ya'ya a makaranta, ga fanshon da kowa ya san yadda ake bin sa. Akwai cibiya a Oshodi ta Legas da aka tanada don koya wa masu barin aiki sana'a, kiwon kaji da ɗinki da walda da sauransu, don an san ranar tana zuwa.

A ranar ne ake gane wanda ya yi karatu da wanda ya yi barci a aji. Matuƙin jirgi kamfanonin jiragen sama suna jiran sa. Injiniya yana da aikin gini da na lantarki. Ɗan sigina da mai tsaron intanet bankuna da kamfanonin waya ne suke neman su. Mai leƙen asiri kamfanonin mai suna ba shi shugabancin sashen tsaro. Mai tarihi ko kimiyyar siyasa yana iya komawa jami'a ya riƙe alli. Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ɗinku, da aka hamɓarar da shi a 1975 aji ya koma a Jami'ar Warwick ta Ingila, har ya yi digirin digirgir. David Mark ɗan sigina ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015, ta hanyar ƙuri'a. Hamid Ali, da ya yi muku gwamna, ya riƙe kwastan daga 2015. Buba Marwa, wanda ya fara daga makarantar soja ta garinku, shi aka ba hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2021. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya shiga NDA a 1975, ya fita a 1977, ya yi aiki da rundunar tankoki, ya wakilci sojanmu a Pakistan, ya kai birgediya janar kafin a naɗa shi a 2006. Na ga idonka ya yi haske da jin wannan. Kwantar da hankalinka, shi gidan Shehu ya fito. Kai kuwa iyakar sarautar gidanku ita ce mai unguwar da kakanka ya nema bai samu ba.

Saura tambaya ɗaya, wadda ban ji an ce ka yi ba: shi yaron yana so? Ko kai ne kake so a sara maka ta hanyarsa? Aikin nan ana mutuwa a cikinsa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015, a Malam Fatori ya rasu a watan Nuwambar 2016, yana tsakiyar ƙuruciyarsa. Janar Ibrahim Attahiru yana hafsan hafsoshi jirgi ya faɗi da shi a Kaduna a watan Mayun 2021. Ajali ba ya wuce lokacinsa, gaskiya ne, amma wanda zai shiga ya shiga da idonsa a buɗe. Ka kira shi ku zauna, ba a gaban abokan hirarka ba. Ka kira mahaifiyarsa ita ma, don ita ce za ta riƙa kwana da waya a hannu in an tura shi Sambisa ko dajin Zamfara. In ya ce yana so, ka tambaye shi wane fanni zai karanta, kuma me zai yi da shi ran da ya tuɓe kaki. In ya amsa wannan da hankali, ka sa masa albarka.

Kuma tunda muna maganar gida, an ce ƙanwarsa ce take ɗaukar na ɗaya a lissafi, har ita take yi masa aikin gida. NDA ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshi na dindindin tun 2011. Ban ce ka tura ta ba, wannan shawararku ce da ita da mahaifiyarta. Na dai tuna maka cewa a duk tarihin Zazzau, sunan da ya fi fita a fagen yaƙi na mace ne, mazan kuwa sai an buɗe littafi ake tuno su.

In kana da amsa, shafin nan a buɗe yake, edita ya ce zai ba ka fili kyauta tunda ya san ba za ka biya ba. Sharaɗi ɗaya ne: ka ba wani Bakano ya duba maka Hausar kafin ka aiko, kada ka rubuto mana cewa matarka ya ce 'yarka ya fi ɗanka ƙoƙari, mu rasa wa za mu taya murna.

Ubangidanka,
Bakano, daga birnin Dabo.